Iskar da ban mayar ba

Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin Land Cruiser ɗin da na yi shekara tara ina ja. Yaran gareji sun matsa sai na bar musu wani abu a rubuce game da taya, tunda a cewarsu ni ne “Baban tayoyi”. Sunan nan ba kyauta na same shi ba. Da takardar tuhuma na saye shi, kuma har yau tana cikin fayil ɗina.

Duk wanda ya yi aikin Yusufari ya san yadda hanyar take. Daga Damaturu ka bi Dapchi da Bayamari a kan kwalta, daga baya ka sauka ka shiga rairayi har Tulo-Tulo, inda tuddan yashi ke canja wuri tsakanin zuwa da zuwa. Mota ɗaya, taya ɗaya, ƙasa iri biyu. Shekaru muna sa masu matsakaicin zane, waɗanda ake rubuta wa AT a gefe, 235/85R16, kuma ba mu taɓa kuka da su ba. Sai aka kawo mana sabon mai kula da saye-saye. Ya ga hotunan motocin Turawa masu manyan haƙora, ya ce irinsu suka dace da daji, ya sayo irinsu, waɗanda ake rubuta wa MT, guda ashirin a farashin da shi kansa ya riƙa yabon kansa a kai. Na ce masa, “Yallaɓai, waɗannan na taɓo ne. A ba masu zuwa Taraba da damina. A yashi tona rami suke yi.” Ya ce, “Malam direba, aikinka tuƙi ne.”

To, na yi shiru na sa hannu a takardar karɓa. Laifina na farko ke nan, kuma ban taɓa musunsa ba. Ban duƙa na duba lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a gefen taya ba, masu nuna lokacin da aka ƙera ta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Da na duba daga baya, 2314 na gani: mako na 23 a shekarar 2014. Tayar da ta yi wajen shekara bakwai a jibge a sito, robarta ta bushe, zanenta kuwa fes kamar jiya aka ƙera ta. Arhar ke nan.

A watan Afrilu muka tafi da akwatunan allurar rigakafi, zafi ya haura 40. Muna shiga rairayi motar ta fara nitsewa ko da giyar taimako, wadda ke sa ƙafa huɗu su ja tare. Da tsofaffin tayoyinmu rage iska zuwa fam 22 ya ishe ni, amma waɗannan sai da na sauke su zuwa 16 kafin suka shimfiɗu suka daina tono. Mun gama aiki la'asar sakaliya. Da muka hau kwalta na tsaya zan mayar da iska, fam 40 a gaba, 50 a baya saboda kaya. Famfon lantarkin motar ya mutu tun wata biyu baya, na rubuta sau uku ba a saya ba, sai na ƙafa, wanda zai ci mana fiye da awa guda. Shugaban tafiya ya dubi agogo ya ce dokar ofis ba ta yarda mu yi dare a hanya ba, in ja kawai, a sa iska a wurin mai faci na gaba.

Na ja. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci, don na san abin da ke faruwa da taya mai ƙarancin iska a kan kwalta mai zafi. Duk juyi ɗaya gefenta lanƙwashewa yake yi ya miƙe, zafi na taruwa a ciki har roba ta saki wayoyin da ke riƙe da ita. Na ce zan tsaya a kilomita 40 a awa. Ana ta “ƙara wuta, Baba, ƙara wuta”, har na kai 80. Ba mu yi rabin awa ba ta baya ta dama ta tarwatse. Allah ya kiyaye ban taka birki ba, na riƙe sitiyari har ta gangara ta kwanta a gefenta cikin yashi. Ma'aikaciyar jinyarmu ta karye a kafaɗa, akwatuna biyu suka buɗe a ƙasa.

Rahoton da aka rubuta layi ɗaya ne a kaina: direba ya yi gudu da taya marar isasshiyar iska. Gaskiya ne. Shekarun tayar, da takardun famfo uku, da wanda ya ce in ja, babu ko ɗaya a ciki. An dakatar da ni wata biyu ba albashi. Sauran tayoyin kuwa an kwashe su a hankali, ba wanda ya ji inda suka tafi, mai saye-sayen kuma an ƙara masa girma a shekarar.

Sauran abin da zan faɗa muku kaɗan ne. Iska da safe ake auna ta kafin taya ta ɗumama, kada ku sace wa mai zafi iska don gejin auna iska ya nuna ta hau. Ƙafa huɗu da safaya su zama girma ɗaya, zane ɗaya, domin motocinmu in an sa taimako gaba da baya a ɗaure suke, bambancin girma giya yake ci. A cire taimako da zarar an hau kwalta. Ƙayar aduwa a tsakiyar zane faci ne, amma yankan kututture a gefe ba ya facuwa, ko mai faci ya rantse muku. Tayar gwanjo mai alamar dusar ƙanƙara an yi ta ne don sanyin Turai.

Tun daga ranar ban sake motsa mota ba sai iska ta cika, ko wa ke zaune a gaba. Sau biyu an kai ƙarata a kan haka, wai ina ɓata lokaci. Famfon da ke bayan kujera da kuɗina na saya, da gejin. Gejin na bar wa ƙaramin cikinku. Famfon kam na tafi da abina, ku rubuta a sayo muku.