Hoton ƙirji da dogon jira

Shekara shida ke nan ina ɗaukar hoton radiyo, wato hoton da ke nuna ƙashi da cikin jiki, a wani ƙaramin asibiti nan Tawa. Hoton ƙirji ba ya cin minti biyar: mutum ya tuɓe riga, ya ja numfashi ya riƙe, shi ke nan. Jiran sakamako ne ke wahalar da mutane. Likitan da ke karanta mana hotuna a Yamai yake, fiye da kilomita 500 daga nan, kuma da can sai mu tara fim mu ba motar safe.

Wani tsoho daga wajen Keita ya kwana uku gindin bedi yana tari. Rannan ya ce mini, "Ɗana, guzurina fa ya ƙare." Na rasa bakin magana.

Yanzu hoton a kwamfuta yake fitowa, mu aika ta intanet. Amma a ganina jan biro ya fi na'urar taimakonmu. Duk takardar da ake zargin tarin fuka, karaya ko bugun kai, sai mu ja mata layi, ita ake fara karantawa. Mun kuma daina karɓar takardar da likita bai rubuta abin da yake nema ba, don sai mai karatu ya bugo waya yana tambaya, yini ya tafi a banza.

Masu eko kuwa, wato hoton duba kayan ciki, tun jajibiri muke gaya musu su zo ba su karya kumallo ba. Kuran, wato wutar lantarki, shi kaɗai ya gagare mu: in ya ɗauke a zafin Afrilu, kowa sai ya koma inuwa har a tada gurup, injin ba da wuta.