Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Kwana Biyu Ɗakina, Kwana Biyu Ɗakin Yaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A makon jiya mun tsaya a inda malamar asibiti ta tura ƙofa, ta jawo kujera kusa da ni, ta ce in ajiye katin awon tukuna. Daga nan zan ɗora.

Ba ta yi dogon kewaye-kewaye ba. Ta ce, "Baiwar Allah, gwajin da muka yi ya nuna akwai ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki a jininki. Mun sake da wani abin gwajin daban, shi ma haka ya nuna." Na ji kunnuwana sun toshe, bakinta kawai nake gani yana motsi. Daminar 2019 ce, cikina wata huɗu. A ƙauyenmu ko sunan ciwon nan ba a kamawa, "kabari kusa" ake ce masa, kuma a saninmu ciwon matan banza ne. Ni kuwa aure biyu na yi a duniya, bayan su ban san wani namiji ba.

Da na ɗan dawo hayyacina sai ta tambaye ni ko Malam ne mijina na fari. Na ba ta labarin da na ba ku a kashi na uku: yadda marigayi mijina na fari yake tafiya cirani Fatakwal, yadda ya dawo da tari da gudawa, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, aka ce jifa ne, aka yi ta rubutu da hayaƙi har akuyoyina biyu suka tafi a neman magani. Ya rasu a 2016, babu wanda ya taɓa ɗibar jininsa. Na yi takaba, na yi zawarci na shekara biyu, Malam ya aure ni a kan uwargidansa, wadda nake kira Yaya. Ranar ɗaurin auren an tambayi sadaki, an tambayi waliyyi, amma gwaji ko a mafarki. Malamar ta girgiza kai, ta ce kada in ɗora wa kowa laifi, domin gwaji ba ya nuna wanda ya sa wa wani, kuma mutum yana iya shekara takwas ko goma da ƙwayar a jikinsa yana noma yana cin kasuwa garau. Ta ce ba ni kaɗai ba ce, a shekarar ma gwamnati ta fitar da binciken da ya nuna mutum kusan miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ita a Najeriya. Ta ba ni magani kyauta, ƙwaya ɗaya kullum da dare, ta ce in na riƙe shi da gaske, da yardar Allah abin da ke cikina zai kuɓuta. Har na kai bakin ƙofa ta kira ni. "Ki kawo mana maigidanki. In kina da abokiyar zama, ita ma."

Na dawo gida na ɓoye robar maganin a cikin samira ta can ƙasan jere, na cusa mata auduga don kada ta yi ƙara. Na ja bakina na yi shiru.

Ku yi mini uzuri, amma kada ku ce na kyauta. Tsoro ne ya riƙe ni. Na ga abin da aka yi wa wata a ƙauyen da ke gaba da mu: saki uku a takarda ɗaya, a gidan iyayenta kuma aka ware mata kwano da moɗa. Kuma abin da ya fi ci mini rai har gobe, a karkara mace ce ake fara gwadawa, saboda ita ke zuwa awo. Namiji sai ciwo ya kayar da shi, kafin nan kemis ne da jiƙo. To wadda aka fara ganin abin a jininta ita ce mai laifi a idon kowa, ko da ita aka kawo wa har ɗaki.

Gidanmu kwana bibbiyu ake yi. Da can ban taɓa damuwa da lissafin ba, amma daga ranar nan sai ya zame mini azaba. Kwana biyu takalmin Malam yana ƙofar ɗakina, kwana biyu yana ƙofar ɗakin Yaya. In na fito alwala da asuba na hango takalmin nan a ƙofarta, sai gabana ya faɗi. Ga Yaya da goyo, yaro ɗan wata bakwai. Malamar ta lissafa mini hanyoyin da ciwon ke bi: kwanciyar aure, jini ta aska ko allurar da wani ya yi amfani da ita, sai uwa zuwa ɗa, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Ta ce cin abinci a kwano ɗaya ba ya sawa, buta ba ta sawa, sauro ba ya sawa. Wato tuwon da muke ci tare babu komai a cikinsa, shiruna ne haɗarin. Ranar girkina in ce marata ke ciwo, in juya wa Malam baya. Ranar girkin Yaya kuwa ba ni da abin cewa.

Wata safiya muna surfe a tsakar gida, yara sun tafi makarantar allo, Malam yana gona. Yaron ya yi kuka, Yaya ta jingine taɓarya ta zauna a kan turmin da ke kife, ta sa masa nono. Ban san lokacin da na durƙusa a gabanta ba.

"Yaya, don girman Allah ki yafe mini. Akwai maganar da na ɓoye miki."

Na faɗa mata komai. Ba ta katse ni ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ta dube ni ta ce, "Yau kwana nawa da kika sani?"

"Goma sha tara."

"Kwana goma sha tara kina kallona ina ba yaron nan nono?"

Da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Ta saɓa ɗanta ta shige ɗaki. Kwana biyu ko gaisuwata ba ta amsawa, ni kuwa na ɗaure 'yan tsummokarana ina jiran takarda. A rana ta uku da hantsi ta ɗaga labulena ta ce, "Sa hijabinki. Na ce wa Malam rigakafi za mu kai yaro."

Acaɓa ɗaya muka hau mu biyu da goyo, hanya duk taɓo. Aka tsaga ɗan yatsanta, aka ɗiga jinin a kan wani ɗan siririn abu, muka zauna jiran minti goma sha biyar da ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Layi ɗaya ya fito. Yaya ba ta da shi. Na fashe da kuka har na fi ta. Amma malamar ta ce kada mu saki jiki, domin in bai daɗe da shiga jikin mutum ba gwaji yana iya rasa shi, sai an sake bayan wata uku. Ta ce ba abin mamaki ba ne a samu miji da mata shekara da shekaru, ɗaya na da shi ɗaya ba shi da shi, sai dai kowane dare ƙofa a buɗe take. Kafin a san matsayin Malam, ta ce, sai dai kwaroron roba. Yaya ta rufe fuska da hijabi ta ce, "Malama, da wane bakin zan faɗa masa wannan?"

Bari in tsaya a nan in faɗi abin da sai daga baya na sani, saboda wata tana karantawa tana cikin halin da na shiga. Wanda ya riƙe maganinsa ba fashi har awon jini ya nuna ƙwayar ta kwanta ƙasa da 200 a kowane mililita, ba ya sa wa abokin aurensa ta hanyar kwanciya. Akwai kuma maganin kariya da ake ba wanda ba shi da ciwon in abokin zamansa na da shi. Ranar da na ji a rediyo, a watan Mayun 2024, cewa Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure a jihar Kano, na daɗe zaune ina tunanin ranar ɗaurin aurena da Malam.

A hanyar dawowa ɗan acaɓan ya sauke mu a bakin rafi don ya tura babur ɗin. Muna tafe da takalma a hannu, Yaya ta yi magana ba tare da ta kalle ni ba.

"Ban huce ba, kada ki ɗauka na huce. Amma ba za ki faɗa masa ke kaɗai ba, na san halinsa. Yau girkina ne. In ya gama cin tuwo zan aiko yaro ya kira ki."

Bayan sallar isha'i ina zaune a bakin gado, robar maganin a hannuna, na ji Malam ya yi gyaran murya ya tuɓe takalmi a ƙofar Yaya. Ba a jima ba yaron ya leƙo ya ce, "Wai ki zo in ji Umma."

Mu haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.