Taki ɗaya tsakanin mutum da iska

Shagona yana Tarifa, can ƙarshen kudancin Sifen, inda in sarari ya washe kana hango duwatsun Maroko, don ruwan da ke tsakani kilomita 14 ne kawai a inda ya fi matsewa. Garin iska ne. In ta gabas ta taso, wadda suke kira Lebante, yashi har zafi yake yi a ƙwauri. Ta yamma kuwa, Poniyente, ta fi sanyi da natsuwa. Su ke kawo masu wasan kait, wato mutum ya tsaya kan allo a teku wata babbar lema tana jan sa. Ni ba na sayar da lema ko allo. Ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙugu nake gyarawa, da ƙarfen da ke gabanta. Dukanci na gada, kuma shi ya koya mini in duba ɗinki kafin in duba ado.

Wanda ke kallo daga gaɓa zai ɗauka da hannu ake riƙe lemar. Hannu linzami kawai yake ja. Yawanci igiyoyi 4 ne, tsawonsu mita 20 da 'yan kai. Biyu na gefe suna ɗaure a bakin sandar tuƙi, su ke juya lema dama da hagu. Biyu na tsakiya su ke ɗauke da nauyin ja: suna haɗewa su ratsa tsakiyar sandar, su ƙare a wani zobe mai rufin roba, shi kuma a rataya shi a ƙugiyar da ke gaban cibiyar mutum. Akwai wani ɗan yatsan roba da ake zurawa cikin ƙugiyar don kada zoben ya fita in igiya ta yi sako-sako. Duk ƙarfin da ke ɗaga ƙato sama da tsayin bene, ta wannan wuri yake bi, wurin da bai fi taki ɗaya ba.

Ƙugiyar tana zaune ne a kan ƙarfen nan na gaban ɗamara, wata sanda da ta gitta cikin mutum. Daga masu wasan allo mai filafilai aka gaji dabarar. Da a kan maɗauri kawai aka ɗinka ƙugiya, duk ja ɗaya ɗamara za ta shaƙe mutum kamar zarge. Sandar ce ke raba nauyin zuwa kwiɓi biyu, ta bar haƙarƙari ya yi numfashi. Shi ya sa tsawonta ba abin wasa ba ne. In ta yi gajarta ga mai jiki, ɗamara ta matse shi. In ta yi tsawo ga siriri, sai maɗauri ya ƙare bai ɗaure ba, ƙarfen ya riƙa yawo.

Kukan da na fi ji a shago shi ne ƙarfe yana hawa. Mai koyo yakan daɗe da lema a saman kansa, ja yana zuwa daga sama, sai ƙugiya ta miƙe, bakin sandar ya tokare ƙasan ƙirji. Na ga mutane da tabo shuɗi a nan. Kamfanoni sun yi ta neman magani: matashi mai kauri a bayan ƙarfen, fukafukai masu tauri da ke shiga aljihun ɗamara, sanda mai faɗi da aka lanƙwasa daidai ciki. Duk suna taimakawa. Amma sau da yawa abin da nake gaya wa mai koyo shi ne ya fara da ɗamara mai maɗaurin cinya, wadda ba ta iya hawa. Wasu ba sa so, wai ba ta da kyan gani. Ina faɗa musu gaskiya ko da cinikin zai wuce ni.

Masu bin raƙuman ruwa kuma ba sa son ƙugiya. Suna juya jiki sosai, wani lokaci lema tana bayan kafaɗarsu, ƙugiya mai tsayawa wuri ɗaya sai ta murɗe musu ƙugu. Su sandarsu igiyar Dyneema ce, wani zare mai ƙarfin gaske, aka ɗaura daga gefe zuwa gefe, zobe yana zamewa a kanta. Daɗin tuƙi ba a magana. Sai dai igiya tana cin zoben roba, yashi kuma yana cin igiya, don haka ina sa zoben ƙarfe mai santsi a tsakani, ina kuma canza igiyar da zarar ta fara gashi. Ba na jira ta nuna ciki.

Aikin da ya fi hana ni barci shi ne na saki. Wannan haɗi dole ya riƙe kamar ba zai taɓa saki ba, kuma dole ya saki da turawar hannu ɗaya in rai ya zo wuya. A saman zoben akwai kunama, ka tura ta gaba, zobe ya buɗe, lema ta rataya a igiya ɗaya ta rasa ƙarfi. Tun 2020 akwai ƙa'idar duniya a kan wannan, ISO 21853, amma ƙa'ida ba ta wanke wa kowa yashi. Duk wanda ya kawo kaya, sai na sa ya tura kunamar a gabana, ido a rufe.

Bayan an saki, sauran talala, gajeruwar igiyar da ke hana lema tafiya ta faɗa kan mutane. Inda aka maƙala ta yana da muhimmanci. Wata rana wani saurayi ya shigo jikinsa na rawa. A bayan ɗamara ya maƙala tasa, kamar yadda ya ga gwanaye suna yi. Igiyoyi suka harɗe, lema ta ci gaba da juyawa, ta ja shi da baya cikin ruwa, hannunsa bai kai ga wurin sakin talalar ba. Allah ya yi da sauran kwana, jirgin ceto ya iso. A ranar na ɗinka masa zobe a gaba, kusa da sandar, inda hannun dama da na hagu duk za su kai. Tun daga nan duk ɗamarar mai koyo da ta shigo haka nake yi mata, ba na karɓar ko sisi a kai.

Da yamma, in an dawo daga bakin tekun Baldebakeros da Los Lanses, kaya sukan taru a teburina jiƙe da gishiri. Ina cire matashin, in duba gindin ƙugiya inda aka yi walda, don ko ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa yakan ci a irin wannan lungu. In na ga layin ja siriri kamar gashi, ba na gyara shi. Ina cire sandar in nuna wa mai ita, sannan in zaro 'yar wuƙar yanke igiya daga aljihun ɗamara in gwada kaifinta a kan guntun Dyneema kafin in mayar.