Tsohon laburaren da na so in goge da daddare

Shekarun nan ina taimakawa wajen kula da wata ƴar manhaja mai buɗaɗɗen tushe, irin wadda kowa zai iya karanta kod ɗinta ya gyara ya turo, kuma manhajar ta girme ni a harkar nesa ba kusa ba. A cikinta akwai wani laburare, wato wani guntun kod da manhajar ke kira ya yi mata wani aiki, wanda ke karanta wani tsohon tsarin fayil, wanda ya rubuta shi ya daɗe da barin aikin, imel ɗinsa ma baya zuwa. Duk sanda muka zo fitar da sabuwar siga sai gwajin wannan laburaren ya faɗi, ni kuma in kwashe ƙarshen mako ina lallaɓa kod ɗin da ban rubuta ba, ban gane dalilin rabin abin da ke ciki ba, kuma ban taɓa ganin fayil ɗin da yake karantawa da idona ba. Wani dare na gaji na rubuta wa sauran masu kula nace mu cire shi kawai mu huta.

Har yanzu ina kan bakana cewa cirewa ce daidai. Amma yadda na so yi a daren nan ba daidai bane.

Mutane da yawa suna ganin ai kod baya cin komai, idan yana zaune a gefe bai taɓa kowa ba meye na damuwa, da tsohuwar zuma ake magani. To wallahi yana ci, lokacin mutane yake ci, kuma galibin masu kula da irin waɗannan ayyuka ba biyansu ake ba, bayan sun tashi daga aikinsu na neman abinci suke yi. Sannan abin da ya fi damuna, duk abin da ka bari a cikin manhajarka kamar ka sa hannu ne kace na tsaya masa, mai amfani zai ɗauka ana dubawa ana toshe ɓaraka, alhali babu wanda ya buɗe fayil ɗin shekara da shekaru. Ku tuna Log4j, wani laburare da manhajoji da yawa ke amfani da shi, a Disambar 2021, wata dama ce a cikinsa ta abin da ake kira JNDI da mafi yawan mutane basu ma san tana nan ba, a kunne take, ita ta bai wa masu kutse hanyar shiga sabar mutane a faɗin duniya, daga baya dole aka kashe ta aka cire wani ɓangaren gaba ɗaya.

Misalin da na fi yawan komawa gare shi shine na Python, yaren rubuta kod. Tun 1991 Guido van Rossum ya fitar da shi, kuma abin alfaharinsu shine kana sauke shi ka samu komai a ciki, wai ya zo da batirinsa, wato laburare iri-iri da ke zuwa tare da shi. To batir yana mutuwa. A 2019 Christian Heimes ya kawo shawarar da ake kira PEP 594 ta kwashe matattun batiran, daga baya Brett Cannon ya shigo, ba a amince ba sai 2022, wato shekara kusan uku ana ja. A siga 3.11 aka sa musu gargaɗi, sai a 3.13 da ta fito Oktoban 2024 aka cire guda 19. Akwai cgi na zamanin farkon yanar gizo, akwai nntplib na Usenet, telnetlib wanda yarjejeniyarsa ke tura kalmar sirri a fili babu rufi, sunau da aifc na tsofaffin tsarin sauti, crypt, imghdr, audioop da sauransu. Kafin nan a 3.12 an riga an sallami distutils da asyncore da smtpd.

Abin da ya burge ni a ciki ba cirewar bace, sauraron da suka yi ne. Akwai waɗanda aka duba aka ce a'a a barsu, kamar wave, saboda har gobe ana amfani da fayilolin WAV kuma ana koyar da ɗalibai da shi, haka getopt da optparse da colorsys. Kenan tsufa kaɗai ba laifi bane. Tambayar ita ce akwai masu amfani da shi na gaske, kuma akwai wanda zai ɗauki nauyinsa?

Duk da haka an sha wahala fa. pydub da mutane da dama ke sarrafa sauti da shi ya dogara da audioop, wanda ya hau 3.13 sai ya ga abu ya ƙi tashi, sai da aka koma sauke audioop-lts daga PyPI, rumbun da ake sauke fakitocin Python, masu cgi kuma suka koma legacy-cgi. Wani zai ce ai an yi gargaɗi shekara biyu, ba a fafe gora ranar tafiya. Gaskiya ne, amma Python baya nuna irin wannan gargaɗin kai tsaye in ba daga babban fayil ɗinka abin ya taso ba, idan wani laburare ne can ƙasa yake kiran tsohon to kai baka ganin komai sai ranar da ya fashe. Wanda abin ke faɗawa a kai sau da yawa ba shine ke bin tattaunawar masu haɓakawa ba, mutum ne da ya rubuta ɗan shiri shekara takwas da suka wuce yana masa aiki ya manta da shi.

Masu Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ma haka suke, duk da tsananin jagoransu Linus Torvalds kan cewa ba a karya shirye-shiryen masu amfani, sun cire tallafin tsohon furosesa 386 a siga 3.8, sun cire na furosesa Itanium a 6.7, tsarin adana fayil na ReiserFS kuma an sanar tun 2022 aka cire a 6.13.

In dawo kan namu. Da na buɗe maganar a fili, kwana biyu shiru, har na fara murna, sai wani bawan Allah ya rubuto yace na'urar awo da suke aiki da ita a ɗakin bincikensu wannan tsarin kaɗai take fitarwa, kamfanin da ya ƙera ta ya rufe, kuma laburarenmu ne kaɗai ya sani da ke karanta bayanan da suka tara shekaru. Jikina ya yi sanyi sosai, domin da na goge a daren nan da ba zan taɓa sanin yana duniya ba, shi kuma sai dai ya wayi gari aikinsa ya tsaya.

Abin da muka yi shine mun ciro laburaren daga uwar manhajar mun maida shi fakiti mai zaman kansa da tarihinsa duka da gwaje-gwajensa, muka sa gargaɗin da ke fitowa ɓaro-ɓaro a allo na tsawon siga biyu, sannan bayan cirewa duk wanda ya kira tsohon sunan zai ga saƙo yana faɗa masa ainihin abin da zai sauke, ba wani kuskure mai ruɗani ba. A shafin fakitin na rubuta gaskiya cewa mu ba ma kula da shi, muna neman mai karɓa. Na roƙi mutumin ya turo mana fayilolin gwaji na ainihi daga na'urar, ya turo guda uku, a ranar na fara ganin abin da na kwashe shekaru ina gyara wa kod, kuma ɗaya daga cikinsu ya tono wani kuskure a lissafin kwanan wata da ke nan tun kafin in shigo.

Na tambaye shi ko zai karɓi kulawar, yace shi ba mai rubuta kod bane sosai amma zai gwada idan zan riƙa duba masa. Makon jiya ya turo gyaransa na farko, layi shida, yana jirana in duba.