Injin da ya cije ba a tashinsa da ƙarfi

Garejina yana Garwa, kuma tsofaffin taraktoci ne sana'ata. Motocin zamani masu kwamfuta na bar wa yara. Abin da hannuna ya sani shi ne Massey Ferguson, musamman 35 da 135 masu injin Perkins mai silinda uku. Ita 135 an fara ƙera ta ne tun 1964, an yi ta a Ingila da Faransa, amma har yau jefi-jefi za ka gan ta a gonakin auduga da masara na wajen Pitoa da Ngong da Lagdo. Wasu na aiki, wasu an jingine su a gindin darbejiya.

Waɗanda aka jingine ɗin su ne ke zuwa wurina. Cutar kusan kullum iri ɗaya ce. Salansar taraktar a tsaye take, bakinta na kallon sama. In aka bar ta ba murfi, ruwan damina sai ya bi ta ciki, ya sami bawul ɗin da ke buɗe, ya zauna a kan fistin. Damina ta wuce, wata ta zo, tsatsa ta haɗe ringi da bangon silinda. Ka sa sifana a gaban inji ka hau da ƙafa, ko gezau.

Bara aka kawo mini wata 135 ta wani marigayi Alhaji. 'Ya'yansa suka ce ba za su sayar wa 'yan jari-bola ba, suna son su ji ƙararta kamar lokacin mahaifinsu. Kafin su zo, wani ya ba su shawara su sa ta a giya su ja da babbar mota. Na ce wa babbansu, "Alhaji ƙarami, Allah ne ya taimake ku tayoyin suka riƙa zamewa a ƙasa. Da sun kama, da sandar fistin ta lanƙwashe, ko ta ɓullo ta gefen inji." Wannan jan da mota ya kashe injuna a ƙasar nan fiye da tsatsar kanta.

Ni ga yadda nake yi. Na fara cire nozul ukun, wato masu fesa mai cikin silinda, na zuba man dizal haɗe da jan man giya a kowane rami, na rufe da tsumma, na kama wani aikin. Kullum da safe yaro ya ƙara mai, ni kuma in taɓa sifana gaba kaɗan, baya kaɗan, ba tare da na dage ba. Da ya ƙi, muka sauke kan injin da kaskon baƙin mai. Silinda biyu tas suke, ta tsakiya kuwa ja wur, har da busasshen laka a kan fistin. Na kwance sandarsa daga ƙasa don kada bugu ya kai ga karanshaf, na sassaƙa guntun icen maɗaci daidai faɗin ramin, na ɗora, na riƙa ƙwanƙwasawa da guduma a hankali. Ƙarfe ba ya taɓa fistin a garejina.

Wannan na koya wurin maigidana, Allah Ya jiƙansa. Ina yaro, wankin noti a cikin kananzir kawai yake ba ni, ban da ikon taɓa guduma. In yana bugun icen sai ya ce, "Kai yaro, zo ka saurara." Fistin da ke shirin sakewa, sautin bugunsa yakan canja, ya yi taushi kamar ganga ta sha sanyi. Kunne ke aikin kafin hannu. Har yau ina hana yarana magana in na kai wannan gaɓar.

Abin da ya sa nake ƙaunar Perkins ɗin nan, an yi shi ne don a gyara. Bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki fita yake yi, a danna sabo. Karanshaf in ya ci, a kai a wasa shi a sa ƙarafan da suka dace. Matsalar ita ce kayan. A kawo maka ringi cikin kwali mai kyau daga Duwala ko ta Yola, ka auna shi a cikin silinda ka ga bakinsa a wangame. Gaskit ɗin kan inji na jabu kuwa, damina ɗaya ba ya yi sai ruwa ya haɗu da mai. Ni nakan mayar, in jira na kirki, ko da mai tarakta zai yi ta kirana. Sannan ga mai cewa, "Haba maigida, wane ya ce zai yi mini a rabin kuɗin nan." Ai zai yi. Zai goge tsatsa da sanfefa, ya mayar da tsohon ringi, ta tashi tana hayaƙi, a tafa masa. A tsakiyar huɗa za ta tsaya.

Da muka haɗa na Alhaji, na daidaita bawul a milimita 0.30 injin na sanyi, na fitar da iska daga famfon mai, ya tashi. Sai dai aiki bai ƙare ba, domin rani ne, ba za a shiga gona ba sai ruwa ya sauka. Injin da ya taɓa cijewa ya fi kowane saurin komawa in aka yi sakaci da ajiyarsa. Na zuba sabon baƙin mai, na cika tanki fal don kada raɓa ta taru a ciki, na cire batir. Na kifa gwangwani a bakin salansa na ɗaure da waya, na toshe mashigar iska saboda ƙurar hunturu da zanzaro, wanda ba ya ganin rami ya ƙyale. Na danne kuloci da katako don kada farantin ya manne. Na ɗora ta a kan itace a ƙarƙashin rumfar kwano, ban lulluɓe ta da leda ba, leda gumi take tarawa. Kuma na gaya musu duk ranar Juma'a wani ya juya injin da sifana zagaye biyu, don mai ya shafi bangon silinda.

Wanda duk yake da irin wannan tarakta a bayan gida, kada ya yi saurin kiran masu sikeli, kada kuma ya ja ta a giya. A ɗoro ta a mota a kawo, ko a kira ni in zo in buɗe nozul in leƙa tukuna.