Jinyar sankarar jini da abin da ta koya mini game da ido

Ni na yi jinyar ɗan ƙanena lokacin da aka tabbatar yana da sankarar jini. Uwarsa na goyo, don haka tafiyar ta faɗo kaina: mota daga Garwa zuwa Ngaundere, sai jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, babban birnin Kamaru, sashen yara masu ciwon daji a asibitin uwa da yara na Gidauniyar Chantal Biya. Hankalin dangi duk yana kan zazzaɓi da ƙarin jini, babu wanda ya sa ido a lissafi.

Wata safiya yaron ya ce, "Goggo, akwai baƙin abu a tsakiyar fuskarki." Idonsa fari tas, ba ja, ba kwantsa, ba ciwo. Na gaya wa likitar da ke zagaye, ta tura mu wurin likitan ido. Aka ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido, muka ɗan jira, sannan likitan ya kashe fitila ya haska ciki. Ya nuna mini hoton bayan idon: ɗigo-ɗigon jini, wasu da fari a tsakiyarsu. Ya ce cutar a ɓargo take, tana cika shi da gurɓatattun fararen ƙwayoyin jini har ya kasa yin jajaye da kuma masu tsayar da zubar jini, waɗanda takardar gwaji ke kira plaquettes. Na mai lafiya sukan kai 150,000 zuwa sama, na yaronmu kuwa sun yi ƙasa nesa ba kusa ba, shi ya sa ƙananan jijiyoyin bayan ido suke yoyo. Irin wannan, in ji shi, yawanci yana washewa da kansa in jini ya gyaru. Haka kuwa aka yi, sannu a hankali.

Inda ya ja mini kunne daban ne. In gani ya ragu farat ɗaya, ko yaro ya fara ganin abu biyu-biyu, ko ciwon kai da amai suka haɗu, to ana tsoron cutar ta shiga jijiyar gani ko ƙwaƙwalwa, kuma wannan ba a kwana da shi. Ana ɗebo ruwa daga gadon baya a gwada, ta nan kuma ake zuba magani. A ɗakinmu akwai wata yarinya da idonta ɗaya ya firfito saboda ƙari a bayansa. Iyayenta sun daɗe suna neman maganin kambun baka kafin wani ya ce a gwada jini. Ban ga laifinsu ba, wa zai ga kumburin ido ya yi tunanin ɓargo?

Maganin ma yana da nasa. Vincristine kan sa fatar ido ta sauko kamar mai jin barci. Prednisolone da dexamethasone kuma suna iya ɗaga ƙarfin ruwan cikin ido ba tare da wani ciwo ba, in an daɗe ana sha su kawo yanar ido. Shi ya sa nake roƙo a auna masa ido ko da bai yi kuka da shi ba.

Da muka dawo Garwa, cikin ƙurar hunturu, masu zuwa dubiya kowa da shawararsa: tozali, ruwan nono, ɗan kwalbar kemis. Nakan yi godiya in ajiye. Wasu kwalaben nan na jan ido akwai irin dexamethasone ɗin a ciki, ga kuma garkuwar jikinsa ta yi rauni, ƙwayar cutar da ba ta kai komai ba tana iya cinye masa ido.

Abin da na riƙe a gida mai sauƙi ne. Bayan sallar asuba, in gari ya waye, sai in tsayar da shi a bakin ƙofa, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya karanta mini lambobin kalandar da ke bango, sannan ya sauya. Yaro mai lafiyayyen ido ɗaya ba zai ce komai ba, ɗayan yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Ko da gwajin jini ya fito da kyau ban daina ba, domin likitan ya ce wani lokaci in cutar za ta dawo, a ido take fara nuna kanta. Takardar likitan idon kuwa na maƙala ta a cikin littafin asibitinsa, duk likitan da ya buɗe sai ya ci karo da ita.