Abin da karatun ungozoma ya nuna min game da ƙaramin ciki

Cikin duk darussan da muka yi a makarantar ungozoma a nan Jos babu wanda ya tsaya min a rai kamar na halittar ɗa a makonnin farko, saboda shi ne ya sa na gane cewa lokacin da matanmu suke ɓoye ciki shi ne daidai lokacin da ake babban aikin.

Ki duba fa 'yar uwa. Maniyyi yana haɗuwa da ƙwai a bututun mahaifa, bayan kamar mako guda ya gangaro ya manne a jikin mahaifa. Wajen kwana 22 da haɗuwar tasu, zuciyar ɗan tayin ta fara bugawa. Kafin kwana 28 wani siririn bututu da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ya rufe, a lokacin ɗan tayin bai kai ƙwayar wake ba, ita kuwa uwar ɓatan watanta bai wuce sati biyu ba, wata ma ba ta fara laulayi ba balle ta faɗa wa maigida. Zuwa sati 8 hannu da ƙafa sun fito, an aza harsashin kusan duk gaɓoɓi, abin da ya rage girma ne da nuna. Allah mai iko.

To idan bututun nan bai rufe da kyau ba shi ne za ki ga an haifi jariri da ƙullutu a gadon baya, wani ƙafafunsa ba sa motsi, wani kan ya yi ta kumbura da ruwa. Na ga guda a ɗakin jarirai lokacin da muke firaktikal, uwar yarinya ce ƙarama cikin fari, tana zaune bakin gado ta riƙe ƙafar yaron tana murzawa ko zai motsa, uwar mijinta na tsaye da fulas tana cewa iska ce ta shafe ta. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Kuma abin da ke rage haɗarin wannan ba wani abu mai tsada ba ne, ƙwayar bitamin ce da ake kira folik asid, maikirogiram 400 kullum, amma sai an fara tun kafin a ɗauki cikin a ci gaba har wata uku na farko. Mu kuma sai ciki ya kai wata biyar ko shida, ya fito ya daina ɓoyuwa a hijabi, sannan ake zuwa awo. A lokacin ƙwayar za ta taimaka wajen ƙarin jini, amma maganar bututu ta wuce tuntuni.

Ni ban raina kunya ba, tarbiyyarmu ce, kuma na san wasu tsoron baki suke ko tsoron ɓari. Sai dai a wannan tsakanin ne mace ke jin zazzaɓi da kasala ta aika yaro kemis a haɗo mata magani, ko a kawo mata jiƙe-jiƙen da ba wanda ya san me ke ciki, alhali a watanni ukun nan ne magani ya fi yi wa halitta illa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo sau 8, na farko kafin ciki ya wuce sati 12, kuma nas ba za ta je unguwa tana shela ba, sirrinki a katinki yake.

Ɗaya darasin na ƙarshen ciki ne. Huhu yana cikin abin da ke nuna a makare, sai wajen sati 34 zuwa 36 yake samun isasshen sinadarin da ke hana shi mannewa, shi ya sa bakwaini ke wahalar numfashi, ga shi ba kitse a jiki, a sanyin Jos na watan Disamba nan da nan ya sandare. Idan naƙuda ta taso kafin lokaci akwai allurar da ake yi wa uwa don huhun ya yi saurin nuna, amma sai an zo da wuri kuma an san satin cikin, wanda lissafinsa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe yake farawa. Da yawa in mun tambaya sai su ce bayan Sallah ne ko farkon damina, mu yi ta lalube da tef da sikanin. Don Allah ko a kalandar waya ce a riƙa rubuta ranar.